Kada A Raba Yaro Biyu



A Littafin Sarakuna na Fari sura 3, mata biyu sun kawo ƙara gaban Sarki Sulemanu a kan jariri ɗaya. Da sarki ya ce a raba shi biyu da takobi, uwar gaskiya ta yarda ta rasa ɗanta domin ya rayu.

Ba ma fatan aure ya mutu. Amma idan fasto da dattawan ikilisiya sun yi ƙoƙarin sulhu abin ya gagara, sai tambaya ta taso: wa zai riƙe yaran?

Auren da aka ɗaura bisa dokar aure ta ƙasa, Babbar Kotun Jiha ce ke raba shi. Dokar 1970 ta ce amfanin yara shi ne kan gaba, ba fushin miji ko na mata ba. Saboda haka mu nemi lauya mai irin zuciyar uwar nan. Lauyan da ya ce mu ɓoye yaro ko mu ƙaga wa juna laifi, takobi yake miƙa mana.

Mu tambayi kuɗin aikinsa tun farko, mu karɓi rasit. Mu kai masa takardar aure, takardun haihuwa da rasit na makaranta. Wanda ba shi da hali, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da hukumar Legal Aid a nan Maiduguri.

Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu. Mu yi addu'a.