Idan Kun Ga Baƙon Kare a Unguwa: Jawabin Taron Wayar da Kai a Cité Verte

 

Maganarmu ta yau a kan karnukan da ba su da mai su ne, waɗanda ke yawo tsakanin Cité Verte da Briqueterie har kasuwar Mokolo. Abin da ke jawo su shi ne juji da ƙasusuwan da ake zubarwa bayan an tashi daga wurin mahauta da masu tsire. Ba kowane kare ne mahaukaci ba, amma ido ba ya iya bambancewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu wanda ke tsira. Amma kafin su bayyana, allura tana tare shi.

In kun ga baƙon kare, kada ku taɓa shi, kada ku ba shi abinci da hannu. Ku koya wa yara kada su jefe shi, kada su ruga da gudu. Yaro ya tsaya cik, ya naɗe hannuwansa, ya kau da ido, sannan ya ja da baya a hankali. Karya mai shayarwa da karen da ke cin abinci su suka fi saurin cizo. In kun ga yana dalalar da miyau, yana tangaɗi, yana cizon duk abin da ya tarar, ku shigar da yara ɗaki, ku sanar da mai unguwa don a kira ma'aikatan dabbobi na MINEPIA.

In ya riga ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, kafin komai a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, a duba agogo. Ƙwayar cutar a miyau take, wankin nan yana rage ta sosai. Kada a sa toka ko barkono ko gashin karen, kada a ɗaure wurin tam. Daga nan sai asibiti a ranar, ba gobe ba. Asibitin gunduma na Cité Verte yana kusa da mu, kuma cibiyar Pasteur da ke Messa tana yin allurar cizon kare. Allurar ba sau ɗaya ba ce. Za a rubuta muku ranakun komawa, ku cika su duka ko da raunin ya warke, domin cutar takan kwanta wata biyu zuwa uku a jiki shiru. Mai ciki da jariri ma ana yi musu. Ku riƙe katinku na gudun hijira, ku sanar da ma'aikatanmu, amma kada neman takarda ya jinkirta ku.

In an san mai karen, kada a kashe shi, a tsare shi likitan dabbobi ya sa masa ido. Wanda aka ciza kuwa ya fara allura, ba sai ya jira sakamako ba.

Iyaye mata, ga roƙona. Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron duka. Ku gaya musu tun yau cewa duk wanda kare ya taɓa ya zo ya faɗa, ba za a dake shi ba.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu. Mai tambaya ya ɗaga hannu.