Karayar ƙashin kunci

Jama'ar Tasawa da Mayahi, a saurara.

Harbin jaki ko faɗuwa bisa babur yana karya ƙashin kunci. Sai kunci ya loɓa, baki ya ƙi buɗuwa, wani ma ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Wannan ya fi ƙarfin maɗori. Kada mai rauni ya fyace hanci. A kai shi likita maza, ko da Maradi ce, don bayan sati 3 ƙashin ya fara kamawa a karkace.

Likitoci suna haɗa ƙashin da ɗan ƙarfe da kusoshi. Yanzu akwai na roba, mai narkewa cikin jiki sannu a hankali, ba sai an sake yanka an cire shi ba. Amma bai kai ƙarfe ƙwari ba.