Rigar Ƙwallo da Takardar Haihuwa: Kamfanonin Kayan Wasanni da Amanar Bayanan Mutane

Lacca da aka gabatar a Cadakori gaban malaman makaranta, 'yan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin wasanni na gundumomin Gidan Rumji, Agye da Gazawa

  

An ce in kwatanta manyan kamfanonin kayan wasanni ta fuska biyu: barazanar masu kutse ta intanet da ke kansu, da yadda suke bin dokokin kare bayanan mutane. Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan Cadakori da Adidas? Rigar da yaronka ke sawa ranar wasa, mai layi uku a kafaɗa, daga kasuwar Maradi ta fito ko daga Kantin Kwari na Kano, kuma kamfanin da sunansa ke jikinta bai ma san an ɗinka ta ba. Haka ne. Amma kuɗin rigar ta NITA ko Amana aka aika su, hoton rasiɗin yana cikin WhatsApp, kuma kafin yaron ya taka fili sai da aka ɗauki hoton takardar haihuwarsa. Abin da ya ci manyan can yana jiran ƙananan nan.

Na daɗe ina jayayya da wasu abokan aikina a kan magana ɗaya. Su in za su auna kamfani, takardu suke ƙirgawa: yana da shaidar bin ƙa'ida, ya naɗa jami'in kare bayanai, ya wallafa manufarsa a shafinsa. Ni kuwa nakan tambayi me ya tara, har yaushe ya riƙe shi, wa ya ba ajiya. Ku bi ni da waɗannan tambayoyi mu duba abin da ya faru.

A ƙarshen Maris 2018 kamfanin Under Armour na Amurka ya sanar cewa an shiga manhajarsa ta lissafin abinci da motsa jiki, MyFitnessPal, an kwashe bayanan asusu kusan miliyan 150. Adadin ya ninka mutanen Nijar fiye da sau 5. Kamfanin ya gano satar ran 25 ga wata, ya faɗa wa duniya ran 29, kuma a nan ya cancanci yabo. Sai dai wani kaso na kalmomin sirrin da tsohuwar dabara mai rauni aka kulle su, kuma shekara ba ta cika ba aka ga bayanan a kasuwar ɓarayin intanet ana neman mai saye. A Fabrairu 2020 masu bincike suka tarar da rumbun bayanan reshen Decathlon na Sifen a buɗe, ba kalmar sirri ba komai, da layukan bayani kimanin miliyan 123. Kamfanin ya ce kaɗan ne daga ciki ya shafi mutane kai tsaye. Ko da haka ne, ba a fasa ƙofar ba, a buɗe aka bar ta, kuma shekara biyu ke nan saura kaɗan da fara aiki da dokar Tarayyar Turai ta kare bayanai, wadda tararta ke iya kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara. A Yuli 2020 masu neman kuɗin fansa suka kulle kwamfutocin Garmin, mai ƙera agogon 'yan gudu, aka yi kwanaki ayyukansa a tsaye, har da waɗanda matuƙan jirgin sama ke dogaro da su.

Puma da Adidas ciwonsu iri ɗaya ne. A Disamba 2021 aka kai wa kamfanin Kronos hari, wanda ke riƙe wa Puma lissafin ma'aikata, bayanan ma'aikata sama da 6,600 suka tafi. A Mayu 2025 Adidas ya ce an ɗebi bayanan abokan cinikinsa ta hannun wani kamfani da ya ɗauka yana amsa masa koke-koken jama'a. Rumbunka na da ƙofar ƙarfe, amma mabuɗin na rataye a rumfar maƙwabci.

Biyun da nake so ku ajiye gefe da gefe su ne JD Sports na Ingila da VF na Amurka, mai Vans da Timberland da The North Face. A Janairu 2023 JD Sports ya sanar cewa an taɓa bayanan mutum kusan miliyan 10: suna, adireshi, lambar waya, da lambobi huɗu na ƙarshen katin banki. Sayayyar da aka yi tsakanin Nuwamba 2018 da Oktoba 2020 ce. Takalman sun daɗe da yagewa, adireshin mai su na nan a ajiye yana jiran ɓarawo. Shi kuwa VF, da aka shige shi a Disamba 2023, mutum miliyan 35.5 abin ya shafa, ninki uku da rabi na JD Sports. Amma ya iya tsayawa ya ce babu lambar katin banki ko ta asusu a ciki, domin tun farko ba ya ajiye su. A jadawalin abokan aikina VF ne ya fi muni, saboda adadinsa ya fi yawa. A nawa ma'aunin, wanda ya ƙi ajiye abin da ba ya bukata ya fi wanda ya ajiye ya zuba masa makullai.

Yanzu ga misalin da ba na gajiya da kawowa, waɗanda suka taɓa ji daga bakina su yi haƙuri. Strava manhaja ce da masu gudu da masu tseren keke ke haɗawa da agogonsu ko wayarsu, tana zana hanyar da suka bi. A Nuwamba 2017 kamfanin ya fitar da taswirar duniya da ya haɗa daga motsa jiki biliyan 1 na masu amfani da ita. Inda ake yawan gudu sai wurin ya yi haske. Babu sunan kowa a kai. A Janairu 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya mai shekara 20, Nathan Ruser, ya lura da abin da injiniyoyin kamfanin ba su lura da shi ba. A Turai da Amurka taswirar fes take da haske, ba ka bambance sawun wani da na wani. A Siriya da Afganistan da Sahel ɗinmu, har da arewacin Nijar, duhu ne, sai wasu 'yan zobba masu haske a tsakiyar hamada. Wa ke ɗaura agogon gudu yana zagaye a inda ko rijiya babu? Sojojin ƙasashen waje ne ke motsa jiki a gefen katangar sansaninsu. Taswirar ta nuna siffar sansanin da hanyoyin shiga da fita.

Ku lura da kyau. Ba wanda ya yi kutse. Ba a saci kalmar sirrin kowa ba. Kamfanin ya ce masu amfani ne suka bar bayanansu a bayyane, kuma akwai wurin da mutum zai taɓa ya rufe. In takarda za a duba, sai a sallame shi. Duk da haka sai da ma'aikatar tsaron Amurka, a Agusta 2018, ta hana sojojinta da ke fagen aiki kunna abin nuna wuri a na'urorinsu. Darasin ma bai shiga ba: a Oktoba 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta bi sawun masu tsaron lafiyar shugaba Macron da na shugaba Biden ta wannan manhaja, ta gano inda shugabannin ke sauka.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan a Cadakori shi ne, mu ne wurin duhun nan na taswira. Dabarar cire suna daga bayani, wadda dokoki da yawa suka jingina a kanta, a cikin cunkoson birni take aiki. A ƙauye in ka ce wani ya yi odar riguna na ƙungiya guda ya biya nan take, ka faɗi sunansa ko ba ka faɗa ba. In ka ce wani gida na karɓar aike duk ƙarshen wata daga Libiya ko Abijan, yaro ma zai kai ka ƙofar gidan. Kun fi ni sanin halin da gundumar Gidan Rumji ke ciki da 'yan bindiga masu satar mutane don kuɗin fansa, kuma 'yan'uwanmu da suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019 suna zaune tare da ku a nan. Ɗan bindiga ba ya shiga gari da ka, sai da mai ba shi labari. Wayar ɗan kasuwa guda, da rasiɗai da lambobi da sunayen ƙauyuka a cikinta, ta fi mai ba da labari goma.

Ana ce mini mutanen da ke fama da tsadar hatsi ba su da lokacin wannan magana. Amsata ita ce abin da na faɗa yanzu. Ana kuma cewa in an tsananta doka za a kashe ƙananan 'yan kasuwa. Goge hoto daga waya ba ya cin ko dala.

Sai dokokinmu. Ba mu rasa su ba. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a Mayu 2017, ta sake sabuwa a Disamba 2022, kuma akwai hukumar HAPDP a Yamai da aka ɗora wa aikin. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta Yuli 2019. In na ce wanda ya san ta intanet ɗin ya ɗaga hannu, zauren nan zai cika da hannuwa, domin ita ce mai hukunta zagi da ɓata suna, wadda aka cire wa ɗauri a kan waɗannan laifuka a 2022 aka mayar da shi a Yuni 2024. Ta kare bayanan kuwa, wadda ta ce lambar wayarka da takardar haihuwar ɗanka amana ce a hannun wanda ya karɓa, mutum nawa ne a nan suka taɓa jin ta a rediyo da Hausa? Nan ne rigimata da jami'anmu take. Sun koya wa talaka tsoron abin da zai rubuta, ba su koya masa haƙƙinsa a kan abin da aka rubuta game da shi ba. Kuma ana taro a otal-otal na babban birni ana raba takardun shaida, wato dai aunawar nan ta takarda da na ce ba ta hana komai.

A wajen maƙwabta, Najeriya ta yi tata dokar a Yuni 2023, ta ba kamfanin da aka sace wa bayanai awa 72 ya sanar da hukuma, kamar yadda Turai ta yi. Amurka ta wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su bayyana babban kutse cikin kwanakin aiki 4, kuma VF na cikin na farko da wa'adin ya hau kansu. Wa'adi abu ne mai kyau. Amma sanarwar da aka aika wa hukuma da Faransanci ba ta amfani mutumin Gazawa da komai. Ina so in ga ranar da kamfanin waya ko na aika kuɗi, in aka taɓa bayanansa, zai aiko wa kowa saƙo a wayarsa, ya kuma sa a faɗa a gidajen rediyon karkara da Hausa da Fulatanci da Tamashek, a ce ga abin da aka ɗauka, ga irin kiran da za ku yi hattara da shi. Mai kiran da ya san sunanka da abin da ka saya da ranar da ka biya, shi ne ake tura wa kuɗi ba a yi shawara da kowa ba.

Ga ku shugabannin ƙungiyoyi. Duk gasar da za a yi, ta makarantu ce ko ta zaɓen 'yan kokowar da za su wakilci jihar Maradi a gasar takobi, sai an tara takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa da hotuna, don gudun maguɗin shekaru da na ɗauko ɗan wasa daga wani gari. Wannan dalili ne mai ƙarfi, ban ce a daina dubawa ba. A duba, a rubuta cewa an duba, a mayar wa mai takarda takardarsa. Ban ga abin da ya sa hoton takardar haihuwar yaro ɗan shekara 13 zai zauna a zauren WhatsApp mai mutum sittin ba, shekara uku bayan an ɗaga kofi. Wayar nan ita ake bari a rumfar caji daga safe har azahar, ita ake kai wa mai gyara ba tare da kulle ba, ita ake sayarwa ranar kasuwa in an matsu. Mai shagon hoto da kwafi shi ma kwamfutarsa cike take da katunan mutanen da suka manta sun taɓa shiga wurinsa. Kuskuren JD Sports ke nan daidai, bambancin kawai su miliyan 10 ne.

'Yan kasuwa masu sayar da riguna da takalma da ƙwallaye, in ciniki ya faɗa kaya sun isa hannun mai su, ku goge rasiɗin. In yaron shago ne ke riƙe da wayar ciniki, ku san cewa ranar da kuka rabu da shi, da sunayen abokan cinikinku zai tafi, kamar yadda ta faru da Puma da Adidas a hannun waɗanda suka ba ajiya. Masu saye kuma, shafin Facebook da ke tallar takalmin Adidas na asali a kan kuɗin gwanjo, yana neman hoton katinku kafin ya aiko, katin yake so.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan kusa a Maradi, da ɗalibai masu karatun kwamfuta da ke neman abin da za su rubuta a kai. A turo su kasuwanninmu da ofisoshin ƙungiyoyi su ƙirga abin da ake tarawa da inda yake kwana, mu samu alƙalumanmu na kanmu, mu huta da aron na Turai. HAPDP kuma ta fassara dokar 2022 zuwa Hausa, ta zo ta karanta ta a nan ranar kasuwa.

Kafin nan, kowane sakataren ƙungiya da ke zauren nan ya buɗe wayarsa yau, kafin ya hau babur, ya goge takardun yaran gasar bara.