Kada Waya Ta Cinye Ribar Sa: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Lome

 

Jama'a, yau cinikinmu ya koma cikin waya. Shanu suna Cinkassé, mai saye yana Lome, a WhatsApp ake ganin sa, a nan ake taya shi. To amma da yawanmu mukan sa kiredin jika biyu da safe, kafin la'asar babu ko dala. Abin takaici, sai mota ta baro Sokodé da shanu, ana neman dillali, a tarar layi ya mutu. Ciniki ya wuce, shanu suna ramewa a mota.

Ina kuɗin suke tafiya? Ƙofa uku ce.

Ta farko, shiga intanet ba tare da forfe ba. Ko layinmu Yas ne, wanda ake kira Togocom kafin 2024, ko Moov Africa, megan forfe ya fi araha. Kowane forfe kuma yana da wa'adi: na yini, na mako, na wata. Mu sayi wanda ya dace da tafiyarmu, mu riƙa duba saura, in ya ƙare mu kashe intanet nan take.

Ta biyu, abin da waya ke yi da kanta. WhatsApp yana iya sauke bidiyon da aka turo ko ba mu taɓa ba, wayar kuma tana iya sabunta kayanta muna barci. Mu ba yaranmu masu boko su rufe mana waɗannan biyun. Giga ɗaya kamar mega 1000 ne, bidiyo shi ne kurar da ke cinye shi. Hoto uku na sa, gaba da gefe da baya, da saƙon murya, sun isa mai saye ya taya.

Ta uku, iyaka. Aflao tana manne da Lome, har waya kan kama rezon Gana mutum yana tsaye a Togo. CEDEAO ta yi dokar rage kuɗin waya a ƙetare a 2017, a 2024 kuma Togo ta fara aiki da ita tsakaninta da Benin da Gana, ana karɓar kira kyauta har kwana 30. Amma intanet ba kyauta ba ne. Mai zuwa Burkina ko Nijar ya tambayi farashi a ofishin layinsa tun kafin ya tashi, ko ya sayi layin ƙasar in zai daɗe.

Wanda aka cire wa kuɗi bai gane dalili ba, ya ajiye saƙon, ya je ofishin kamfani. In ba a share masa hawaye ba, akwai hukumar ARCEP da ke sa ido a kan kamfanonin waya.

Muna ƙirga shanunmu safe da yamma, to mu riƙa ƙirga megarmu haka nan. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.