Giwa a Garin Wani Zomo: Filin Gida da Nasarar Ƙungiyar Ƙwallo

(Jawabin da wani tsohon hedimasta ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Daura)

 



Da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takarda cewa mu yi magana a kan ƙwallon ƙafa, sai da muka yi dariya, domin rabonmu da taɓa ƙwallo an yi shekaru masu yawa. Amma da aka bayyana mana dalili, sai muka ga maganar ta wuce wasa. A gaban ƙungiya akwai shawarar a ware wani kaso daga gudummawar bana domin gyara filin ƙwallon matasa, kuma kawuna sun rabu. Wasu na cewa fili ba ya cin ƙwallo, ƙafa ke ci, saboda haka a saya wa yara riguna da takalma a huta. Wasu kuma na cewa fili da 'yan kallo su ne rabin nasara. Tun da kuɗin jama'a za a kashe, ya wajaba a bi maganar da natsuwa.

Bari mu fara da abin da idonmu ya gani. Shekarun baya an tura mu shugabancin wata makarantar firamare a wani ƙauye da ke arewacin masarauta, kusa da iyaka. Filin makarantar rabinsa rairayi ne, rabinsa fako. Yaranmu sun san inda ƙwallo ke mutuwa da inda take tsalle, kamar yadda suka san hanyar gidajensu. In baƙi suka zo, musamman yaran birni masu takalma, kafin su gane filin an tafi hutun rabin lokaci. Da hunturu kuwa, kyaftin ɗinmu ya san gefen da zai zaɓa domin iska ta bi bayansa. Ga mutanen gari sun kewaye fili, har da mai kalangu. Mun daɗe ba a ci mu a gida ba, har muka fara jin cewa babu kamarmu a gunduma. Ranar da aka kai mu cikin Daura wasan kusa da na ƙarshe, a fili shimfiɗaɗɗe, gaban mutanen da ba su san sunan kowa daga cikinmu ba, yaran nan suka zama kamar an ɗaure musu ƙafafu. Ƙwallayen da aka zura mana ba za mu faɗi adadinsu a gaban manya ba. A motar komawa gida ne wani dattijon malami ya tuna mana abin da muka daɗe muna kawar da kai daga gare shi: duk wasannin da muka ci a gida, malamin wasanninmu ne yake busa usur. Bai taɓa yin zalunci da gangan ba, Allah shi ne shaida, amma mutum ne, kuma a garin yake kwana.

A cikin wannan ɗan labari akwai kusan duk abin da ake nufi da ribar gida. Sanin fili yana ciki, kuma Bahaushe ya riga ya ce da ɗan gari akan ci gari. Akwai kuma wahalar tafiya. Ƙungiyar da ta taso daga Aba ko Fatakwal zuwa filin wasa na Muhammadu Dikko a Katsina, ta ci fiye da kilomita 1,000 a mota, ta kwana a masauƙin da ba ta saba da shi ba, ta ci abincin da ba nata ba, sa'an nan ta fito da la'asar cikin zafin bazara ko busasshiyar iskar hunturu. Haka 'yan Katsina United suke ji in sun gangara kudu suka tarar da gumi da ruwan sama. A wasu ƙasashen yanayin ya fi haka tsanani: birnin La Paz na Bolibiya yana bisa tsauni mai tsawon kimanin mita 3,600, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya, kuma a can ne Bolibiya ta lallasa Ajantina da ci 6 da 1 a 2009, alhali Messi yana cikin fili.

Ba sai mun je nesa ba. Maƙwabtanmu Kano Pillars, waɗanda kirarinsu ma "Sai Masu Gida" ne, sun yi shekara 12, daga 2003 zuwa watan Agusta na 2015, ba a doke su a gida ba a gasar ƙasa, wasa 202 ke nan, kafin Nasarawa United ta je filin Sani Abacha ta ci su 2 da 1. A cikin waɗannan shekaru sun ɗauki kofin gasar sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Duk wanda ya taɓa shiga filin nan na Ƙofar Mata ranar da ya cika maƙil, ya san cewa ihun mutane yana da nauyi. Amma a lura da abu guda. A 2015 ɗin nan, a gasar zakarun Afirka, Moghreb Tetouan ta zura wa Pillars ƙwallo 4 a Maroko, nasarar 2 da 1 da suka samu a Kano ba ta fisshe su ba. Abin da duniya ta fi tuna su da shi kuwa shi ne 2009, lokacin da suka je Alƙahira suka yi 2 da 2 da Al Ahly suka fitar da ita, har suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Sunan da suka yi a Afirka, a gidan wani suka yi shi.

To, daga cikin sanin fili, da gajiyar baƙo, da ihun 'yan kallo, wanne ya fi tasiri? Da daɗewa ana gardama, sai annobar korona ta zo ta yi gwajin da babu mai iya shirya shi. A watan Mayu na 2020 aka koma gasar Jamus babu 'yan kallo. Filayen su ne dai, tafiyar ita ce dai, mutane ne kurum babu. Nan da nan nasarar masu gida ta ragu. Masu nazarin da suka bi wasannin Turai na wannan lokaci sun lura da wani abin da ya fi ba mu sha'awa: alƙalan wasa sun rage yawan katin gargaɗin da suke ba baƙi. Ashe ihun nan ba 'yan wasa kaɗai yake motsawa ba, har hannun mai usur yana kaiwa. A Ingila, Liverpool ta yi wasa 68 a jere ba a ci ta a gidanta ba a gasar Firimiya. A watan Janairu na 2021, fili babu kowa, Burnley ta doke ta, daga nan ta sha kashi sau shida a jere a gida. Gaskiya ne manyan 'yan bayanta sun ji rauni a lokacin, ba mu musanta ba, amma ribar gida ma ta ragu, ba ta ɓace gaba ɗaya ba, wanda ke nuna cewa fili da tafiya suna da nasu kason.

Sai dai taron gida takobi ne mai kaifi biyu. Muna ɗalibai a kwalejin horon malamai muka kewaye rediyo a watan Maris na 1980, lokacin da Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Surulere ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. A wannan fili dai, a shekarar 2000, Kamaru ta raba mu da kofin a bugun fenariti. Barazil ta sha kashi 7 da 1 a hannun Jamus a gidanta a 2014, domin nauyin tsammanin jama'a ya fi ƙarfin kafaɗun 'yan wasa. Mu malamai mun san wannan: akwai yaron da in mahaifinsa ya zo kallo sai ya ƙara ƙwazo, akwai wanda sai ya manta da hagu da dama.

Yanzu mun zo wurin da ya fi damunmu, kuma muna roƙon matasa su ba mu kunne. A ƙasar nan an daɗe ana ɗaukar nasarar gida kamar haƙƙi, kamar gado. In baƙo ya ci, sai a ce an ci amana. Daga nan ne jifa da tare alƙalin wasa da fasa motar baƙi suke fitowa. A watan Afrilu na 2022, Katsina United ta je Kano wasa da Pillars, wadda ta dawo filinta ke nan bayan ta daɗe tana karɓar baƙi a Kaduna. Wasu 'yan kallo suka faɗa fili, aka tsayar da wasa, aka lalata motar baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta zaftare mata maki 3, ta mayar da wasanninta Abuja. A ƙarshen kakar, Pillars da Katsina United duka biyu suka faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 suka dawo. Waɗanda suka yi jifan suna ganin gida suke karewa, alhali su ne suka raba ƙungiyarsu da gidan. Kada wani ya ɗauka muna nuna Kano da yatsa. Hukunci irin wannan ya taɓa faɗa wa ƙungiyar jiharmu, kuma a wasannin unguwanni, daga Daura har Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, kowa a nan ya san wasan da aka tashi ba a busa usur na ƙarshe ba. Mu da aka san garinmu da labarin baƙon da aka karɓa a rijiyar Kusugu, bai dace a ce baƙo yana shiga filinmu da fargaba ba.

'Yan dambe sun riga mu gane wannan al'amari. Bayan kaka sukan bi gari gari, kuma ɗan damben da bai taɓa yin kisa ba sai a dandalin garinsu, ba a sa shi cikin manya. Sukan tafi da makaɗinsu, domin in kiɗa ya tashi aka yi musu kirari, ko'ina gida ne. Wato abin da taron gida yake ba ɗan wasa, ana iya koya masa ya ɗauke shi a ƙirjinsa ya tafi da shi.

Saboda haka ra'ayinmu a kan shawarar da ke gabanmu shi ne a gyara filin, amma a san abin da ake gyarawa. Kada a fara da rumfar manyan baƙi da fenti, kamar yadda aka saba. A fara da daidaita ƙasa a cike ramuka, domin yaron da ya koyi ƙwallo a fili mai kyau zai iya bugawa ko'ina, kuma gocewar ƙafa za ta ragu. A kafa shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, a yi ƙofar da alƙali da baƙi za su fita lafiya. A samar da ruwan sha da ɗan wurin alwala. Ciyawa kuwa kada a yi gaggawarta sai an tabbatar da rijiyar burtsatse da mai ba ta ruwa, in ba haka ba bazara ɗaya za ta cinye kuɗin.

Muna kuma roƙon a ware wani abu, ko kaɗan ne, domin abubuwa biyu da ba a ganinsu a hoto. Na farko, kuɗin mota da alawus na alƙalan wasa, yadda za a riƙa ɗauko alƙali daga wata ƙaramar hukuma dabam, ba ɗan unguwar masu gida ba. Na biyu, kuɗin da zai kai yaranmu wasan sada zumunci a Katsina, Kazaure, Kano, har da tsallaken iyaka in hali ya yi, aƙalla sau uku ko huɗu a shekara. 'Yan uwa mazauna birane, a nan ne ake buƙatarku: wanda ke Kano ko Kaduna zai iya nemo ƙungiyar da za ta karɓe su, ya ba su masauƙi na dare ɗaya, ya kuma tara 'yan Daura goma ko ashirin su je su tsaya a bakin fili suna kiran sunayensu. Mun miƙa wa sakatare waɗannan shawarwari a rubuce, domin kwamitin kuɗi ya duba su kafin zaman gobe.