Gawo, Shamuwa da Saniyar Maigatari

Mutanen ƙasar Gumel ba sa bukatar a yi musu bayanin kwararowar hamada, don haka a tafi kai tsaye.

Duk saniyar da ta shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da hasken rana aka gina jikinta. Ciyawa da karan gero ne suka kama hasken, saniya ta ci, mahauci ya yanka, mutum ya ci. A 1942 wani masani ɗan Amurka, Raymond Lindeman, ya nuna cewa ɗan kaɗan ne na kuzarin ke hawa daga mataki zuwa mataki, wajen ɗaya bisa goma. Sauran yana tafiya a numfashi da zafin jiki da yawon kiwo. Ke nan idan tsiro ya ragu, ba wata dabara da za ta cike giɓin nama da nono.

To daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da gonakin Gagarawa da Sule Tankarkar suka zama fili fetal, wane tsiro ne ke kama rana? Gawo. Bishiya ce mai saɓa wa 'yan'uwanta: da damina ta zubar da ganye, da rani ta yi shar. Gero yana samun rana a ƙarƙashinta lokacin da yake bukata, ruɓaɓɓen ganyenta ya zama taki, saiwarta kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye da tsada a buhun takin zamani. Da bazara 'ya'yanta ke zubowa, awaki da shanu su yi dafifi a inuwarta, su ci, su bar kashinsu a wurin. Buzuzu ya binne shi, gara ta ja ragowar kara cikin ƙasa, damina ta tarar da gona a shirye. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na tsakiyar gona tsayi da kaurin zangarniya.

Amma jami'an daji har yau darbejiya da turare suke lissafawa a rahoto. Suna cewa sun fi saurin girma. Haka ne, sai dai turare ba ya ciyar da akuya. A Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona ana yi masa aski, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Tsakanin Damagaram da Maigatari iyaka ce kawai.

Saman jerin matakan abincin nan ma ana yi masa ɓarna. Shamuwa da belbela fara suke ci, mujiya kuma ɓera, amma feshin da ake yi barkatai yana kashe abincinsu, ya sa musu guba. Ungulu, mai share mushe, ta yi ƙaranci a mahauta, kuma a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Bukatar mai wannan lacca ta daɗe, ba ta canja ba. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya riƙa biyan manomi kan tohon gawon da ya raya shekara uku, a daina ƙirga dashen da ke mutuwa kafin kaka. Masarauta ta sa dagatai su hana sare gawo don gawayi. Feshin fara kuma a taƙaita shi ga inda malamin gona ya je da ƙafarsa ya ga ɓarna.