Yadda Za Mu Sa wa Tsohon Akwatin Rediyo Sabuwar Lasifika da Kuɗi Kaɗan

Jawabin da aka gabatar wa dattawan ikilisiya, zumuntar mata da matasa masu koyon sana'a na yankin Anka, Gummi da Bukkuyum

 

Abin da ya tara mu yau maganar murya ce. A majami'unmu na ƙauye da yawa, idan ana karatu ko ana sanarwa, waɗanda suke baya ba sa ji. Tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi sukan koma gida ba su kama komai ba. Ranar da ma'aikacin lafiya ya zo da saƙon allurar rigakafi, rabin jama'a sai sun tambayi na kusa da su abin da aka ce. Sabon akwatin lasifika kuwa ya fi ƙarfin baikon ƙaramar ikilisiya.

Amma a gidajen tsofaffin malaman makaranta da ma'aikata akan sami dogon akwatin nan na katako mai rediyo da garmaho, irin waɗanda kamfanoni kamar Grundig da Philips suka yi a shekarun 1960 da 1970. Yau an mai da shi wurin ajiye kwanuka. Wasu majami'u kuma suna da tsohon akwatin lasifika da ya daina magana, yana kwance a kusurwa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Katakon waɗannan akwatuna ya fi na yawancin sababbin da ake sayarwa yanzu kauri da ƙwari, kuma katako shi ne rabin aikin.

Me ya sa sabuwar lasifika take zama a tsohon akwati?

Lasifikar da muke amfani da ita yau, injiniyoyi biyu ne a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarinta a shekarar 1925, kuma har yanzu tsarin bai sauya ba. Akwai mayen ƙarfe a baya, akwai siririyar waya da aka nannaɗe, akwai takarda mai siffar mazurari. Idan wuta ta bi ta wayar, takardar takan yi gaba ta yi baya, ta tura iska, kunne ya ji murya.

Ga abin lura. Lokacin da takardar ta tura iskar gaba, tana jan iskar baya. Idan ba abin da ya raba su, sai iskar gaba ta zagaya ta cike gurbin ta baya, sautin ya rame, ƙarar ganga ta ɓace. Ku gwada da kanku: ku riƙe lasifika a hannu tana waƙa, sa'an nan ku ɗora ta a bakin bokiti. Za ku ji bambanci nan take. Aikin akwati ke nan, ya raba gaba da baya. Don haka duk wanda yake da akwati mai kyau ya riga ya mallaki abin da kafinta zai caje shi kuɗi mai yawa.

Mu duba kafin mu kashe ko kwabo

Da farko a fitar da akwatin waje, a buɗe bayansa, a share. Za a tarar da gidan zanzaro, kashin ɓera da ƙurar hunturu ta shekaru. A ƙwanƙwasa katakon ko'ina. Inda ya yi ƙarar fanko, gara ta ci. Idan ƙafafu ne kawai ko gindin, kafinta zai sauya su. Idan fuskar da lasifika take zama ce ta ruɓe, sai a yanko sabon filawud mai kauri a maye gurbinta.

Na biyu, a gwada tsohuwar lasifikar, domin ba kowace ce ta mutu ba. A cire wayoyinta, a ɗauki batirin tocila guda ɗaya, a taɓa bakunanta biyu da shi na ɗan lokaci. Idan ta yi ƙas, takardar ta motsa, wayar ciki tana da rai. A danna takardar a hankali da yatsu. Idan tana shiga tana fita ba ta gogar komai, lafiyarta ƙalau. Ƙaramar yagewa ana liƙe ta da gam da siririyar takarda. Wadda ta yi shiru, ko take kurzawa kamar da yashi a ciki, ita ce za a sauya.

Gargaɗi ɗaya a nan. Tsofaffin rediyo masu kwalabe irin na ƙwan fitila suna aiki da wuta mai ƙarfi, ɗaruruwan bolt, kuma wasu sassansu suna riƙe wutar ko bayan an zare su daga soket. Kada wani ya jona irin wannan don ya ga ko yana aiki. A bar wa mai gyaran rediyo da ya san aikinsa ya cire kayan cikin.

Lambobi uku da za mu rubuta kafin mu je kasuwa

Kowa a nan ya san yadda tafiya Gusau ta zama, ga tsadar mota, ga rashin kwanciyar hankali a hanya. Ba ma so mutum ya je ya dawo da abin da bai dace ba. Saboda haka a rubuta abu uku a takarda, a ba wanda ya riga yana da dalilin zuwa Gusau, ko Sakkwato, ko kasuwar Sabon Gari a Kano.

Na ɗaya, faɗin ramin. A auna shi da inci. Lasifikun da aka fi samu su ne masu inci 6 da rabi, inci 8, inci 10 da inci 12, da kuma mai siffar ƙwai ta mota, inci 6 da 9. A auna zurfin akwatin ma, don kada mayen ƙarfen ya tokare baya. Idan sabuwar ta fi ramin ƙanƙanta, ba matsala. Kafinta zai yanko filawud ya rufe tsohon ramin, ya huda sabo daidai da ita.

Na biyu, lambar om. Ana rubuta ta a bayan lasifika, yawanci 4 ko 8. Ita ce take nuna yawan wutar da lasifikar za ta ja daga amfilifaya. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yawan jan wutar. Idan aka haɗa lasifika biyu masu om 8, jan waya da jan waya, baƙa da baƙa, sun koma om 4. Biyu masu om 4 da aka haɗa haka sun koma om 2, kuma yawancin ƙananan amfilifaya ba sa jure wannan, zafi za su yi su ƙone. Idan kuwa aka jera su kamar sarƙa, baƙar ta farko ta shiga jar ta biyu, sai lambobin su taru, 4 da 4 su zama 8. Mafi sauƙi shi ne kowace lasifika ta sami nata layi, ɗaya hagu ɗaya dama. In rubutun ya goge, mai gyara zai auna da mita: mai om 8 takan nuna wajen 6, mai om 4 wajen 3.

Na uku, lambar wat. A nan ne ake yaudarar mai saye. Za ku ga kwali an rubuta wat 1000 ko 2000 da manyan haruffa, kusa da shi an sa PMPO. Wannan lambar talla ce. Ku nemi wadda aka rubuta RMS a gefenta, ita ce take gaya muku ƙarfin da lasifikar za ta ɗauka tana aiki ba tsayawa. Ɗakin sujada na ƙauye ba ya bukatar abin da ya wuce lasifika biyu masu wat 30 zuwa 50 na gaskiya.

Ku duba kuma bakin takardar, inda ta haɗu da ƙarfe. Wanda aka yi da soso yakan ruɓe a zafinmu. Ku zaɓi na roba ko na yadi. Lasifikar mota ta hannu, wadda ake samu wurin masu sayar da kayan mota, takan yi araha kuma an yi ta don ta jure zafi. A gwada ta da batirin tocila a gaban mai sayarwa kafin a biya.

Ɗaurawa

A ɗaure lasifikar da sukurori duka, kada a bar rami ko ɗaya. A yanko tsohon tiyub na keke a sa tsakaninta da katako don kada iska ta zurare, kada kuma ta yi kakkarwa. Duk tsaga a toshe ta da gam da garin katako. A manna tsohon bargo ko audugar katifa a bangon ciki, sautin zai daina yin kamar daga cikin randa yake fitowa.

Lasifika biyu dole su motsa tare. A sake ɗauko batirin tocila. Bakin da idan ya taɓa kan batirin takardar ta yo waje, shi ne na jan waya. A sa masa alama a dukansu biyu. Idan aka juya ɗaya, to ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, an biya kuɗin biyu ana jin abin da bai kai ɗaya ba.

A gaba a sa ragar ƙarfe saboda ɓera da yatsun yara, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙura. A ɗora akwatin a kan bulo, nesa da bango da danshin damina.

Wutar da za ta tuƙa shi

Ba sai da janareta ba. Rediyon mota na hannu, ko ƙaramar amfilifayar nan mai cin memori da Bluetooth, duk suna aiki da bolt 12. A bolt 12 kowane layi yakan ba da wat 15 ko kusa da haka, kuma ya isa. Ƙaramin rufaffen batir mai lamba 12V 7Ah yana riƙe abin da za a ci wat 84 na awa ɗaya. Ba a son a shanye fiye da rabinsa, in ana so ya daɗe. Idan akwatin yana cin wat 10, rabin nan zai kai awa huɗu, ya isa sujada da taron yamma. Ƙaramin faifan sola zai cika shi, amma a sa kwantirola tsakaninsu, a kuma sa fis a jan wayar batir. Makirufo sai an tabbata amfilifayar tana da ramin jona shi kafin a saya.

Maganar dalma

Iyayenmu, wannan sashe ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci, kuma ba mutanen da suka fi na wannan yanki sanin dalili. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma da take cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. A Abare, Dareta, 'Yargalma da wasu ƙauyuka sai da aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa, Bagega kuma sai a 2013 aka yi mata nata aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa.

Aikin da muke koyarwa yau yana taɓa dalma a wuri uku. Wayar liƙi da masu gyaran rediyo suke narkarwa, wadda aka fi sani, kashi 40 cikin ɗari nata dalma ce. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da ita a yawancin sababbin kayan lantarki tun 2006, amma duk tsohon rediyo cike yake da ita. Batirin mota da rufaffen batir, fiye da rabin nauyinsu dalma ce. Tsohon fenti ma yana iya ƙunsar ta.

Saboda haka muna roƙon ku abu biyar. Kada a yi liƙi a ɗakin kwana ko kusa da murhu, a yi shi a waje, nesa da yara da mata masu ciki. Kada mai gyara ya riƙe wayar liƙi da haƙori, ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko goro. A tattara ɗigon liƙi da kayan cikin tsohon rediyon a gwangwani mai murfi, kada su zama abin wasan yara. Kada a fasa mataccen batir, kada a narka shi, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida, a mayar wa mai sayar da batir ɗungurungum. Tsohon fenti kuma kada a goge shi a bushe, a share da jiƙaƙƙen tsumma a shafa sabo a kai. Yawancin lasifiku ma ba sa bukatar liƙi, akwai 'yan maƙalai da ake matse waya da su a tura. Ƙasar da aka sha wahala aka tsabtace, kada mu mai da mata guba da hannunmu.

Yadda za mu raba kuɗin

Akwati kyauta ne, tiyub da bargo da bulo suna gida. Abin saye shi ne lasifika biyu, amfilifaya, batir, waya da sukurori, sai ladan kafinta da mai gyara. In kuɗin bai kai ba, a fara da lasifika ɗaya mai kyau, a toshe ɗayan ramin da katako har kaka. A ɗage sayen faifan sola, a riƙa kai batirin wurin masu cajin waya da suke da caja ta bolt 12. Amma kada a rage kuɗin fis da waya mai kauri.

A naɗa mutum biyu, namiji da mace, su riƙe lissafi, su kuma kula da akwatin. A sa matashi ɗaya ko biyu su tsaya kusa da mai gyara daga farko har ƙarshe, domin gobe su za a kira. Idan maƙwabta suna da suna ko biki, ko mai gari yana da sanarwa, a ba su aro, abin da suka bayar a ajiye don sabon batir.

Da kun koma gida, ku tambayi dattawa wa yake da irin wannan akwati. Ku auna ramin, ku rubuta lambobin nan uku, ku kawo mana a zama na gaba mu duba tare kafin kowa ya sayi komai.